Giɓin Ladan

Ƙayar karfasar Lagdo ce ta fara,
ƙwallon dabino ya ƙarasa.
Haƙora biyu na gaba: ɗaya ya tafi har saiwa,
ɗaya ya tsaya rabi,
kamar katangar da damina ta ci.

Shekara ashirin da shida ina ta da Hausare da asuba,
muryata ba ta taɓa fito ba sai ranar.
Na ce "Assalatu", iska ta riga kalma fita.
Kafin hantsi yaran lekol
sun samu abin kwaikwayo har Rumde.

Yuguda ya goya ni a babur, muka ratsa Garwa,
hannuna ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a baki.

Likitar, Astawabi, sa'ar autata ce.
Ta kunna fitila a fuskata ta ce, "Baba, tambayi."

Na ce, "Wannan guntun, cire shi za ki yi?"
Ta ce, "Ba a rushe ɗaki don ƙyaure ya karye.
In saiwar na da lafiya, hula zan sa masa."
"Hula?"
"Hula, daidai kansa."

"To giɓin fa?"
Ta lanƙwasa yatsu.
"Akwai wanda kake cirewa ya kwana a kofi.
Akwai gada, a rataya baƙo jikin maƙwabta,
amma sai an rage musu jiki.
Akwai dashe, ƙarfe a cikin ƙashi,
wannan watanni yake ci, kuma yana cin jaka."
Da ta faɗi adadin sefar
sai na ji har turmin da ke lafiya ya motsa.

"Da zafi?"
"Allurar ce kawai, kamar cizon cinnaka."
"Zan tauni kilishi?"
"A hankali, ta gefe."
"Kurkurar baki a alwala, ruwa zai kai?"
Ta yi dariya a bayan ƙyallen hancinta:
"Wannan karatun gidanku ne, Baba, kai zan tambaya."

Yuguda ya leƙo: "A sa masa na zinariya,
irin na Alhaji Ɗanliti!"
Na ce a'a.
Ban taka Makka ba tukuna,
bakina ba zai yi mini shaidar zur ba.

Ta kawo jerin haƙora a kan ɗan faranti,
daga fari fat zuwa ruwan ƙasa.
Na nuna mafi haske.
Ta kara shi jikin nawa, ta miƙo madubi:
farar tunkiya a garken jajayen awaki.
"Goron shekara arba'in," in ji ta,
"wanki ɗaya ba ya kore shi.
Bari baƙon ya zo da rigar 'yan gari."

Na zaɓi hula, da mai kwana a kofi.
Dudu ta sayar da bunsurunta ta cika.

Yanzu kafin tocila kofin nake lalube.
Sai daren jiya wuta ta ɗauke, na makara,
na fita da giɓina ban sani ba.
Na yi kira, fiton ya bi lasifika har bakin Binuwai.

Da na juyo, sahu uku, kamar kullum.
Ɗanliti ne kaɗai ya ce in ji wata magana bayan sallama,
ya matso, ya rufe baki da hannu:
"Yarinyar nan, ranar Talata tana zama?"