Kogi a Cikin Duro

Ran Juma'a kogi ke hutawa da mu.
Ni da Jatau muka turo injin a baro
daga bakin ruwa, ta lungun Kabala, har tsakar gida,
muka rataye shi a katakon da Baba ya kafa
tun ina 'yar aji uku.

Duro na nan, shuɗi, mai tsaga a baki.
Jarka shida yake sha kafin ya ƙoshi.
Inna na ƙirgawa daga bakin murhu, tana tsaki:
"Ruwan wankina ne ake ba ƙarfe."

Baba na kan benci, fuskarsa ga rana.
Damina biyu ke nan da yana ta rufe masa ido,
amma kunne, ko sauro ya yi tari a Barnawa
sai ya faɗa maka abin da ke damunsa.
"Tabawa, kada ki tashe shi a bushe.
Inji ba raƙumi ba ne.
Bari ruwa ya haura masa gwiwa."

Na kwance fulogi, na sa masa a tafin hannu.
Ya murza, ya kai hanci.
"Baƙin mai ya yi yawa. Wa ya yi haɗin?"
Jatau ya ɗaga kai sama
kamar mai neman jinjirin wata da tsakar rana.

Na zare farfela.
Zaren masunta ya shaƙe mata wuya,
ga leda, ga gashin doki daga kitson wata baiwar Allah.
Duk abin da Kaduna ta yar, a nan yake kwana.
Na yanke, na goge, na shafa giris.

Man giya na ɗiga cikin gwangwanin tumatir.
"Wane launi?"
"Zuma, Baba."
"To. Ranar da ya koma kunun gyaɗa, ruwa ya shiga,
sai Panteka, sai kukan aljihu."

Na matsa robar tiyo har ta yi tauri.
Ja na fari, tari.
Na biyu, shiru.
Na uku, kafaɗata ta ce ƙas.
Na huɗu, kaji suka watse,
hayaƙi ya tsallaka katanga,
Maman Rifkatu ta ɗaga murya a kan shanyarta,
duro ya kama tafasa ba wuta.

"Ya yi fitsari?"
Na duba ƙaramin ramin nan na gefe. Ƙayau.
"Bai yi ba."
"Kashe!"

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi.

Ya miƙa hannu, ya lalubo tsintsiyar Inna,
ya zari tsinke ɗaya, ya ba ni.
Na zura, na juya, na sake zurawa.
Ƙwayar yashi ce ta faɗo,
ba ta kai ƙwayar gero ba.

Gobe mutum goma sha biyu za su zauna a kan wannan:
masu alayyafo, 'yan makaranta,
tsohuwar nan mai zuwa asibiti da katinta a ƙulle cikin leda.
A tsakiyar kogi babu gefen hanya
da za ka tsaya ka buɗe murfi.

Na sake ja.
Ruwa ya fito siriri, a miƙe,
ya tsallake bakin duro, ya sauka a kan ƙafar Baba.
Bai janye ba.
Ya tara hannu, ya ji ɗuminsa,
ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Sai ya matso, ya dafa cikin duro.
Ƙarfen na rawa, hannunsa na rawa tare da shi.
Na ga leɓensa na motsi:
nan ne dutsen da ke ɓuya in ruwa ya cika,
karkata hagu,
nan ƙarƙashin gada, sassauta.

"Fetur fa ba ruwan rijiya ba ne," in ji Inna.
Yatsana na kan makashi.
Na ce bari dai ya kai gaɓa.