Agogon Genzo a Bakin Taga

A garin Suwa, inda tafki ke daskarewa
har ƙanƙara ta tsage da ƙara cikin dare,
tsohuwa Shigeno ta jawo aljihun tebur
tana neman almakashi.
Sai ga agogon Genzo.

Wata tara yana kwance cikin duhu,
tun ranar da aka kai tokar mai shi haikali.
Hannuwansa sun haɗe a kan sha biyu,
shiru, kamar 'yan zaman makoki.

Ta san cikin agogo kamar yunwar cikinta.
Tana da shekara sha tara ta shiga masana'anta,
farar hula, hantsaki, gilashi a ido ɗaya,
numfashi ma a hankali ake yin sa
kada ƙusa mai kamar ƙwayar gero ta tashi.
A lokacin agogo ɗan rigima ne,
sai an murɗa masa kunne kowace safiya,
in ka manta ya yi fushi ya kwanta.

Aka kawo batir, ɗan mitsitsi kamar maɓalli.
Kowa ya huta.
Amma abin da ke ci yana ƙarewa,
ta ga matattunsu cike da gwangwani a shagon mai gyara,
ba mai so, ba inda za a kai.

Sai wani saurayi mai tabon tawada a aljihu
ya tsaya bakin teburinta, ya nuna sama da biro:
"Waccan ba ta taɓa aiko wa kowa takardar bashi ba."
Ta ɗauka zance yake nema.
Ashe duka biyun ne.

Na farkon da suka haɗa, kai, muni!
Baƙaƙen tagogi jere a fuska,
nauyi kamar an ɗaura maka kwaɗon ƙofa.
Hannun rigar sanyi ya zame masa maƙiyi,
kwana kaɗan a inuwa, ya some.
Masu saye suka taɓe baki.
Genzo ya dawo gida bai taɓa shinkafarsa ba.

Shekara na tafiya, suna ragewa, suna sirantawa,
har suka tura mashayar hasken ƙarƙashin fuska,
ba ka ganinta, ita tana ganin rana.
Suka koya masa shan hasken fitilar ɗaki,
suka koya masa tanadi kamar tururuwa,
har da barci:
in duhu ya daɗe, ya tsai da hannu ya lafe.

Ta goge gilashin da bakin zane,
ta ajiye shi a taga, kusa da shanyar gauta,
inda ranar hunturu ke shigowa ba ƙarfi.
Ta ɗora ruwan shayi.

Kafin ya tafasa, dogon hannu ya motsa.
Ya yi rawa.
Sai gudu, zagaye bayan zagaye,
gajeren na biye da shi kamar ƙane,
suka ci birki: goma da minti bakwai.
Ta kunna rediyo. Goma da minti bakwai.

"Ashe kana ƙirgawa," in ji ta.
"Ni ma haka."

Ta ɗaura shi, ya yi mata yawa,
yana zamewa har tsakiyar hannu.
Almakashin dai ba a same shi ba.
Ta fita sharar ƙanƙara a ƙofar gida,
sanyi na cizo,
hannun rigar hagu a naɗe.