Idan Nepa Ta Kawo Wuta

A layinmu na Obalende, in Nepa ta kawo wuta,
yara kan ɓarke da ihu har ƙarƙashin gada.
Kawu Sallau kuwa sai ya janye ƙafafunsa,
ya naɗe su bisa kujera
kamar wanda ya hango kunama.

Na girma ina zaton tsufa ne.

Sai daren da ruwa ya shigo mana har ƙauri,
muna tsamo takardu daga akwatinsa na ƙarfe,
na ci karo da katin asibiti,
tawadar ta koma kalar shayi.
Ya ce, ajiye, bari ya bushe.
Bai bushe ba ya fara magana.

Daga Apapa jirgin ruwa ya kai shi Ingila
koyon awon ƙasa.
Can wani ya tsinci wasiƙar da ba tasa ba.
Aka ce, zaɓi: likita ko alƙali.
Ya zaɓi mai farar riga.

Ɗaki ba taga.
Majigi a bango, waya a idon sawu.
Hoton namiji ya fito, sai wuta.
Na mace ya fito, a bar shi ya ja numfashi.
Wata rana allura ce da bokiti,
ya yi ta amai har ɗacin ciki ya ƙare,
likita na duban agogo yana rubutu.
Mutum ne mai fara'a, in ji Kawu,
kullum sai ya tambaye ni yaya na kwana.

Mako shida, suka buga hatimi: ya warke.

Na ce, Kawu, ka warken?
Sun cire mini barci, ya ce.
Shekara hamsin ban leƙa silima ba,
dutsen guga ma sai na gawayi.
Amma sunan nan,
ko wasali guda ba su kankare ba.

Ban tambayi sunan ba.
Na ce, ai yanzu sun daina,
su da bakinsu sun ce ba cuta ba ce.
Ya ce, to, madalla.
Wa zai gaya wa ƙafata?

Gab da asuba ƙwan ɗaki ya yi ƙifta.
Yara na barci, babu mai ihu.
Na taka cikin laka, na kashe makunni,
na ƙara wa fitila kananzir.