Takarda daga Maraɗi

Ƙarfe biyun dare, ofishinmu na Asawase.
Fanka na juyi kamar mai neman abin da ta yar.
Ina tsoma burodi a shayin da ya huce
sai ga takarda.

Daga Maraɗi ta taso,
ta kwana Yamai tana jiran hatimi,
a Ankara aka tuɓe mata Faransanci.
Kwana sha ɗaya kafin ta iso teburina.
Wanda ya ɗauko yaron kuwa
kwana biyu ya yi a hanya,
ba shingen da ya tambayi sunan ubansa.

Illiya, shekara sha tara, tabon ƙuna a bayan kunne.
An ce masa akwai aiki a kamfanin zinariya.
Uwarsa ta sayar da awaki huɗu da keken ɗinki.

Na buga lambar da ke ƙasan takardar.
Turancina ya yi karo da Faransancinsa,
duka biyun suka zube.
Shiru.
Na ce, Malam, ko kana jin Hausa?
Dariyarsa sai da ta girgiza wayar:
Ashe ɗan gida ne! Ajidan Ma'azu ke magana.

Abin da hatimi uku suka kasa ɗaukowa
ya zuba mini kafin kiran assalatu:
lambar da aka tura wa kuɗin awakin,
da muryar Illiya ta ƙarshe, ana jin jiniyar jirgi a bayanta.

Sauran, Hajiya Adiza mai waken Aboabo ta cika.
Ta ce, akwai gida can hanyar filin jirgi,
ƙunshi talatin suke saye kullum,
amma ban taɓa ganin shanya a igiyarsu ba.

Da asuba muka ɓalle kwaɗon.
Ashirin da bakwai a kan tabarmi shida,
na Nijar, na Burkina, na Togo,
kowa da ƙasar da ke nemansa, ko wadda ba ta san ya ɓata ba.
Na kira suna. Wani ya taɓa bayan kunnensa.

Ogan nasu ya riga mu fita.
An ce an gan shi Aflawo, yana cin gasasshen kifi,
Lome na kallonsa ta tsallaken waya.

Yanzu ni ke rubuta takarda.
Za ta kwana Ankara, na sani, za ta jira hatimi.
A ƙasa na sa: Sajan Mumuni Awudu, ga lambata.
Na ƙara da biro, inda fom bai tanadi gurbi ba:
Ina jin Hausa.