Ƙofar Karsinah

Sau huɗu na ɗaga wa Karsinah daɓen ɗakinta.
Ni ne Wagiran magini, ni na auna, ni na zuba,
yashi da ɓaraguzai, buhu kan buhu,
kowane karo taku guda da yatsu uku.
Rufin bai motsa ba.
Yau in za ta shiga gidanta
sai ta rusuna kamar mai gaida surukai.

A katakon ƙofar akwai zanen wuƙa
inda take auna tsawon ɗanta Darmaji
duk ƙaramar salla.
Shekararsa ta biyar da hannuna na binne ta.
Ta bakwai ta bi ta bara waccan.
Saura zane biyu a sarari.
Yaron yana Semarang yana ɗinkin takalma,
a masana'antar da ake raɗe-raɗin rijiyoyinta ne
ke tsotse abin da ke riƙe da mu.

Wani ma'aikaci ya zo da sanda mai lambobi,
ya ce a wannan gaɓa ta Jawa
teku na hawa, ƙasa na sauka.
Karsinah ta ce, "To mu da ke tsakani fa?"
Ya yi rubutu, ya naɗe ƙafar wando,
ya tafi kafin ruwan la'asar.

Nan da kwalekwale ke wucewa gonar shinkafa ce.
Daga shinkafa muka koma kiwon kifi,
daga kifi muka koma kallon ruwa.
Kwakwa ta mutu a tsaye, ba kai.
Ladan sai ya duba lokacin cikar teku
kafin ya duba na salla.

Alhamis da yamma na tuƙa ta zuwa maƙabarta.
Ta ƙirga daga turken lantarki, ta ce, "Nan ne."
Ban ce mata makon jiya can ta nuna ba.
Ta watsa furanni, ta yi wa mijinta addu'a,
igiyar ruwa ta kwashe su zuwa kan wani.
Ta ce, "Bar su, duk maƙwabta ne."

A hanyar dawowa ta tambayi kuɗin yashi bana.
Na faɗa.
Ta shafa ɗan kunnenta, guda ɗayan da ya rage.
Na ci gaba da tuƙi,
ina haɗiye lissafin da na riga na gama:
in na ƙara taku guda,
ƙofar nan ta zama taga.