Cokali Biyu a Rzeszów

Ƙarfe biyun dare. Dusar ƙanƙara na lasar tagar masana'anta.
Bogumiła ta ɗaga kunnen farfelar injin jirgi zuwa fitila.
Bai fi tafin hannunta ba,
amma ya yi shekara uku yana juyi a wutar da ta isa narka shi.

Tymoteusz, ɗan koyo, ya ce:
"To me ya hana?"

Ta jawo kofin shayinta,
ta tsoma cokali biyu, na azurfa da na katako.
"Kama."
Ya kama na azurfa, ya saki, ya kai yatsa baki.

"Ka ji? Wannan ba ya riƙe sirri,
abin da ya jiyo a ƙasa sai ya kai maka sama.
Na katakon kuwa kurma ne.

Kunnen nan ya haɗa halin biyu.
Bayansa tangaran ne, shafe kamar ɓawon albasa,
mai nawar kai saƙo:
wuta ta yi sallama, ya bar ta tsaye a ƙofa.
Cikinsa ƙarfe, mai saurin ƙafa.
Ɗan zafin da ya kutso, ya sura a guje
ya miƙa wa iskar da ke zaga lungunansa,
ta ɓulla ta hudoji kamar na allura,
ta yafa masa mayafi.
Iskar nan za ta ƙone maka burodi kafin ƙiftawa,
amma a can ita ce sanyi."

Ta juya shi. Kusa da gindi, layi kamar gashin gira.
"Nan. Huda ɗaya ta toshe.
Zafi ya taru, bai sami mai karɓa ba.
Gefen nan na son miƙewa, maƙwabcinsa ya ƙi.
Ba wuta ke tsaga ƙarfe ba, yaro,
rashin rabo ne."

Sai ta yi shiru.
Zdzisław nata, shekara talatin bai ɗaga murya ba,
duk tangaran, ba kafar iska,
har safiyar da ya sunkuya ɗaure takalmi
bai ɗago ba.

Ta zagaye tsagar da jan alƙalami.
Can sama wani jirgi ya keta gajimare,
mutum ɗari biyu na minshari a kan wuta, ba su sani ba.

Shayin ya huce.
Yaron ya taɓa cokalin azurfa.
Tuni ya rabar wa ɗakin.