Ƙarfen Taga

Shekara talatin da ɗaya ina walda a Callao,
bayan tashar jiragen ruwa, inda gishirin teku
ke cin ƙarfe kamar yadda bashi ke cin mutum.
Da na fara, gadon jarirai nake yi da ƙofar lambu.
Yanzu ba mai tambayar komai sai ƙarfen taga,
mai kauri, mai tsini a sama.
Har Hermelinda mai soya kifi
ta sa na yi wa tukunyar gas ɗinta keji.

Tsoron maƙwabta ne ya rufa mini ɗaki.
Ban ɓoye ba.

Wilmer yana ɗan sha uku ranar da ya tsaya bakin rumfata,
takalminsa na hagu ɗaure da waya.
Masana'antar garin kifi ta rufe a wannan shekarar,
ubansa ya hau mota zuwa ramukan ma'adinai a kudu,
ya ce zai aiko.
Teku ma ta ce za ta ƙafe.

Na ba shi tsintsiya, daga baya na ba shi zarto.
Hannun yaron yana da ido.
Yakan ji inda ƙarfe zai karye
tun ƙarfen bai sani ba.

Sai wata Talata injin yanka ya ɓace.
Ban tambaye shi ba. Wa ke tambayar ɗan bayan tasha?
Na ɗaga murya a tsakiyar titi,
gaban mai burodi da masu jiran bas:
ɓarawo.
Kalma ɗaya, tartsatsi a kan rigar leda.
Bai yi kuka ba.
Ya ajiye gilashin walda a kan benci
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya tafi.

Bayan mako uku na ga injin
a gidan surukina Fortunato, ƙarƙashin gado.
Ya ce aro ya yi, ya manta bai faɗa ba.
Muka yi dariya, muka buɗe kwalba.
Sunansa aro idan mai ɗauka yana da guga a riga.
Na ce gobe zan nemi yaron.
Gobe ta haifi jibi, jibi ta yi jikoki.

Unguwa kuwa ta riga ta raɗa masa suna.
Mai kanti yana ƙirga gwangwani idan ya wuce,
uwaye suna janye 'ya'yansu daga filin ƙwallo,
'yan sanda suka haddace fuskarsa.
Mutum ɗaya ya kira shi da sunan da uwarsa ta ba shi,
wani mai jan babur da zobe uku,
wanda ya saya masa takalma ƙafa biyu iri ɗaya.
In gari ya yi ta kiranka kura,
wata rana za ka ji ƙanshin akuya.

Shekara shida ke nan.

Jiya da asuba Hermelinda ta buga mini ƙofa.
An yanke ƙarfen tagarta, an kwashe kuɗin kifi.
Na je na duba.
Yanka biyu tak, a kan gaɓa,
daidai inda walda ta fi rauni,
ba karkata, ba ɓarna.
Na san hannun.
Na tsaya ina shafa bakin yankan da yatsa,
kuma, Allah ya yafe mini,
abin da ya fara zuwa zuciyata alfahari ne.

A rediyo wani mai digiri ya ce a ƙara gidajen yari,
wani ya ce talauci ne, wani ya ce a jini yake.
Wataƙila duk sun karanta daidai.
Ni dai Talata ɗaya na sani.

Ta ce in yi mata sabo wanda ya fi kauri.
Na auna, na faɗi kuɗi, ta biya rabi.
Yau ina yanka, wuta tana tashi.
Gilashin nan yana rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Nawa ya tsage tun bara, na gwada sa shi,
amma igiyar an ƙulle ta daidai kan ɗan sha uku.
Ba ta shiga kaina,
ni kuma na kasa kwance ƙullin.